Kafin ka sayi katin hoto, buɗe akwatin ka leƙa

Tambaya ɗaya ce take ta maimaita kanta a saƙonnin masu sauraro, daga Maraɗi da Damagaram har Kano da Garwa: "Ina da tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, lafiyarta lau, amma da na buɗe manhajar tace bidiyo ko wasan ƙwallo sai ta fara jan ƙafa. Wane katin hoto zan saya da ɗan abin da ke hannuna?" Ga abin da aka tattauna a shirin, an rubuta shi don wanda bai samu ji ba, da kuma wanda ya ji amma lambobin suka sulale masa.

To, mai karatu, amsar ba a kasuwa take farawa ba. A cikin akwatin kwamfutarka take farawa. Kati mai ƙarfi da akwatinka ba zai iya ciyarwa ba, kuɗi ne ka ɗaure ka ajiye a kan kanta. Saboda haka ɗauko sukudireba tun kafin ka ɗauko jaka.

Shi katin hoto, wanda 'yan kasuwa a Najeriya suke kira girafik kad, a Nijar kuma kart girafik, wani ƙaramin allo ne mai ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa da fankarsa, aikinsa zana duk abin da kake gani a monita. Yawancin kwamfutocin ofis ba su zo da shi ba. Furosesar ce take ɗan taɓa aikin zanen a gefe, tana kuma aron ma'ajiya daga ram. Wannan ya isa rubutun Word da lissafin Excel da shiga intanet. Da aiki ya kai ga tace bidiyon biki, ko zanen gini mai fuska uku, ko wasannin zamani, sai nauyi ya fi ƙarfinta.

A nan ma sai ka tsaya ka tambayi kanka ko katin ne matsalarka. In kwamfutar tana ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, tana kuma nishi kafin ta buɗe ko wace manhaja, ba ruwan katin hoto. Wannan ciwon tsohon hadis ne mai juyawa, maganinsa SSD, ko kuma ram ɗin ce ta yi kaɗan. Mai shagon buga takardu da katin gayyata da ke aiki da CorelDRAW shi ma ya fi buƙatar ram da furosesa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: buɗe Task Manager yayin da kake aikin da ke wahalar da kai, ka duba wane ne ya cika ya kai ɗari bisa ɗari. In hadis ne ko ram, ka ga ɓarawonka, kuma kama shi ya fi araha.

In ka tabbata kati kake buƙata, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, buɗe murfin gefe. Abu uku za ka duba: rami, wuri, da wuta.

Ramin ba shi da wahala. A kan babban allo za ka ga wani dogon rami mai ɗan maƙalli a ƙarshensa, sau da yawa shuɗi ko baƙi. Sunansa PCI Express x16. Ya fara shigowa kwamfutoci a 2004, kuma alherinsa shi ne sabon kati yana shiga tsohon rami ya yi aiki, ko da zubinsu ba ɗaya ba ne. In kuwa abin da ka gani gajeren rami ne mai ruwan ƙasa na zamanin Pentium 4, wanda ake kira AGP, to rufe akwatin kawai. Wannan ta gama aikinta, kada ka kashe mata ko dala.

Sai wuri. Kwamfutocin ofis 'yan Kwatano da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq Elite da Lenovo ThinkCentre, suna zuwa iri biyu: mai babban akwati da ke tsaye, da siririya da ake kwantarwa a ɗora mata monita. Babbar tana karɓar kati mai cikakken tsayi. Siririyar kuwa sai gajeren kati, mai gajeren ƙarfen baya. Ka kula da kaurinsa kuma, don wasu katunan suna cin wurin rami biyu, alhali a wasu siraran akwatunan ramin yana manne da akwatin wuta, ba inda kaurin zai shiga. Sa tef ka auna tsayi da faɗi da kauri, ka rubuta a takarda. Mutane da yawa sun dawo daga kasuwa da kati mai kyau, murfi ya ƙi rufuwa.

Yanzu ga babbar maganar, wato wuta.

A kusurwar akwatin akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da wayoyi ke fitowa daga cikinsa, wanda masu gyara suke kira fawa fak. Shi ne yake ciyar da komai. A jikinsa akwai takarda da aka rubuta ƙarfinsa. Kamfanonin da suka ƙera kwamfutocin ofis sun auna shi daidai ruwa daidai tsaki, ba su yi tanadin baƙo ba. OptiPlex 7010 babba tana da wat 275, siririyarta 240. OptiPlex 9020 babba wat 290, siririya 255. HP Elite 8300 siririya wat 240. Ka ga ba wani rarar a zo a gani.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Ramin da ke kan allo shi kaɗai yana iya ba kati wuta har wat 75. Duk katin da yake cin fiye da haka, dole a jona masa wata waya daban daga fawa fak: mai baki shida tana ƙara wat 75, mai baki takwas tana ƙara 150. Leƙa cikin wayoyin akwatinka. A yawancin kwamfutocin ofis ba za ka sami ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ma'ana, katin da ya dace da kai shi ne wanda yake ƙoshi da abin da rami ya ba shi.

Mu gwada da misali. Furosesar Core i5-3470, wadda ta fito a 2012 kuma take cikin OptiPlex 7010 da yawa, an ƙiyasta mata wat 77. Ƙara kati mai wat 75, ka sami 152. Ƙara abin da allo da ram da hadis da fankoki suke ci, ba za ka kai 200 ba. Fawa fak mai 275 zai ɗauka yana numfashi. Gaskiya ne kamfanin Nvidia yana ba da shawarar wat 300 ga irin waɗannan katunan, amma wannan ya haɗa da tanadin masu manyan furosesa da fawa fak marasa inganci. Yanzu canza katin, ka sa RX 580, wanda shi kaɗai yake cin wat 185. Da furosesa mai wat 84 kamar i5-4570, kun kai 269 tun ba a ƙirga sauran 'yan gida ba. Fawa fak mai 290 ba zai jure ba. Kana tsakiyar aiki sai kwamfuta ta ɗauke ɗif, ta sake tashi, har ran da za ta ɗauke ta ƙi dawowa.

Wani mai gyara zai ce maka ai abu ne mai sauƙi, akwai 'yar adafta da ake jonawa a wayar hadis ta koma baki shida. Kada ka yarda. Bakin wayar hadis an yi shi ne don abin da bai wuce wat 54 ba. Ka ɗora masa fiye da haka, sai ya yi zafi, robar ta narke, wani lokaci har ta kama da wuta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

To me zai hana a canza fawa fak ɗin gaba ɗaya? In akwatinka na haɗi ne, ko tsohuwar Dell babba irin 7010 mai waya baki 24 da kowa ya sani, ana iya canzawa. Amma daga 9020 zuwa gaba Dell ta koma wata waya tata ta kanta, HP ma tana da tata, don haka fawa fak na kasuwa ba ya shiga sai da adafta ta musamman. Kuma sabon fawa fak mai inganci kuɗi ne, dole ya shiga lissafin farashin katin. In za ka saya, kar babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Duba layin da aka rubuta 12V, ka ninka lambar da ke ƙarƙashinsa sau 12. In an rubuta 18A, to wat 216 ke nan, ko da kwalin yana ihun 500. Ɗaga shi ma ka ji: wanda ba shi da nauyi kamar gwangwanin madara, ajiye musu kayansu.

Af, tun muna kan wuta: wasu tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka kan zo a kan 115. Wutarmu a Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi da Gana ta 220 zuwa 230 ce. Ka jona ba ka duba ba, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi.

Waɗanne katuna ne suke ƙoshi da wutar rami? Ga waɗanda aka fi samu na hannu. GTX 750 Ti ya fito a 2014, wat 60, ma'ajiya giga 2. Dattijo ne, amma har yanzu yana ɗaukar tsofaffin wasanni irin GTA V da PES. GTX 1050 Ti ya fito a 2016, wat 75, giga 4. GTX 1650 ya biyo baya a 2019, shi ma wat 75 da giga 4, ya kuma fi shi ƙarfi sosai. Na baya-bayan nan akwai RTX 3050 mai giga 6 na 2024, wat 70, sai dai farashinsa ya fita daga sahun masu lallaɓawa. Ka lura fa, wasu kamfanonin suna ƙera ire-iren waɗannan katunan da bakin ƙarin wuta, don haka juya katin ka duba gefensa da idonka.

A ganina, ga mai kwamfutar ofis ta tsakanin 2011 da 2015, GTX 1050 Ti ko 1650 ne inda kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Mai shagon wasanni ya sani cewa FIFA 23 ma 1050 Ti ta sa a matsayin mafi ƙarancin abin da take karɓa, don haka duk abin da ke ƙasa da shi ba zai kai ka sababbin wasannin ƙwallo ba. Mai tace bidiyo kuma yana da wani dalilin daban. Wayoyin zamani da yawa, har da iPhone tun 2017, suna ɗaukar bidiyo a wani tsari mai suna HEVC, wanda tsofaffin furosesa suke shan wahalar buɗewa. Shi ya sa hoton da amarya ta turo daga wayarta yake tsalle-tsalle a kan teburin tacewa. 1050 Ti da 1650 suna da sashe na musamman da ke buɗe wannan tsari, da wani sashen da ke matse bidiyo lokacin fitarwa, sai aikin da kan cinye dare ya ragu ƙwarai. 750 Ti yana da sashen matsewa, amma bai iya buɗe HEVC gaba ɗaya da kansa ba.

Akwai kuma waɗanda sunansu ya fi aikinsu. GT 710 da GT 730 sun cika shaguna, sababbi fil a kwali, ga araha. Amfaninsu ƙara monita ta biyu, ko ceto kwamfutar da bakin hotonta ya mutu. GT 710 dai da ƙyar yake wuce abin da furosesarka take yi da kanta, wani lokacin ma bai kai ba. Kar lambar giga ta ja ka: giga 4 a kan raggon kati kamar babban rumbu ne mai ƙofar da hannu ɗaya kawai ke shiga. GT 1030 na 2017 ya fi su, wat 30 kacal yake ci, ya dace da siririn akwati da kuma mai aiki da sola. Amma iri biyu ne masu suna ɗaya. Na asali yana da ma'ajiya GDDR5. A 2018 aka fito da wani mai DDR4, wanda saurin ma'ajiyarsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan. Karanta kwali da kyau. Kuma duk biyun ba su da sashen matse bidiyo. RX 6400 na kamfanin AMD, na 2022, wat 53, yana da ƙarfi a wasa kuma siriri ne, sai dai shi ma ba ya matse bidiyo, sannan layi huɗu kawai yake amfani da su a cikin ramin, don haka a tsohon allo yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa.

In kuwa akwatinka babba ne, fawa fak ɗinka nagari ne mai wat 450 zuwa 500 da wayar ƙarin wuta, to ƙofa ta buɗe: GTX 1060 mai giga 6, wat 120, ko RX 570 da RX 580. Ƙarfinsu ya fi na baya nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa farashinsu na hannu bai fi na 1050 Ti ba. Sai dai ka tuna da kuɗin wuta da man janareta, da batirin sola in da shi kake aiki. Bambancin wat 75 da 185, awa takwas kullum, ba ƙaramin abu ba ne a ƙarshen wata.

Furosesa ma tana da ta cewa. Kati ba ya zana sai abin da furosesa ta miƙo masa. Core i5 ko i7 na zubi na biyu zuwa na huɗu suna tafiya daidai da katunan da muka lissafa, in ram ta kai giga 8, an fi so 16, kuma guda biyu a jere maimakon ɗaya. Amma ka ɗaura GTX 1650 a kan Core 2 Duo ta 2008, ka ɗaura wa jaki sirdin doki ne. Irin wannan, 750 Ti ko GT 1030 ya ishe ta. Kuma allunan da suka girmi 2012 wani lokaci ba sa gane sababbin katuna, sai ka kunna ka ga duhu. Sabunta BIOS kan warware wasu, amma a yi shi lokacin da wuta take tsaye, don in ta ɗauke a tsakiya allon na iya mutuwa.

Sai kasuwa, inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Akwai jabun katuna da yawa. Ana ɗaukar tsohuwar ƙwaƙwalwa ta wajen 2010 ko 2011, irin GTS 450 ko GTX 550 Ti, a sauya mata suna a ciki, a sa mata sabuwar riga, ta fito tana amsa sunan GTX 1050 Ti. Windows ma sunan ƙaryar zai nuna maka. Alama ta farko a bayan katin take: in ka ga shuɗin bakin VGA mai ramuka 15 a jikin abin da aka ce 1050 Ti ne, ka yi shakka ƙwarai, domin daga wannan zubin Nvidia ta daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar. Alama ta biyu, wata 'yar manhaja kyauta mai suna GPU-Z. Sa ta a filas ka tafi da ita. Tana nuna ainihin abin da ke cikin katin, tana kuma rubuta gargaɗi a gaban sunan jabun da ta gane. Da ita ce kuma za ka bambanta RX 580 na sosai, mai ma'aikata 2304, da wanda aka yi wa kasuwar Sin mai 2048, wanda a zahiri RX 570 ne ya sake suna. Ba mugun kati ba ne, amma kada a sayar maka da shi a farashin yayansa.

Wani abin kuma, yawancin RX 570 da 580 da GTX 1060 da ke yawo sun yi aikin haƙar kuɗin intanet. Da Ethereum ta daina tsarin haƙa a watan Satumba na 2022, sai aka juye su kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu lau, wasu sun shekara da shekaru suna gudu dare da rana, fankokinsu sun gaji. Ba a ganewa da ido, sai da gwaji.

Saboda haka, in da hali, ɗauki akwatinka ɗungurungum ka kai shagon. A sa katin a cikin naka, ba a nasu ba. A kunna wasa ko manhajar gwaji ya yi minti ashirin, kana kallon zafinsa a GPU-Z. In ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko ka ga ɗige-ɗige da layuka masu launi a monita, ko fanka tana kuka kamar injin niƙa, a fasa. Ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, a rubuta a rasit tare da lambar da ke jikin katin. Wanda yake Maraɗi ko Ƙonni yana aike Kano ko Legas a sako masa a mota, shi ne ya fi kowa shiga haɗarin cinikin biri a sama, don mayar da kaya ta kan iyaka ba wasa ba ne, ga canjin sefa da naira na iya motsawa kafin a gama rigima. Aƙalla ka sa a turo maka bidiyon katin yana aiki, GPU-Z a buɗe, da takarda mai kwanan watan ranar a gefensa. In kana da ɗan'uwa a garin, ya je ya tsaya a kan gwajin.

Sakawa ba ta da wuya. Zare wuta, danna makunnin kwamfutar na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa katin, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara tartsatsi. Cire ƙarfen da ya toshe tagar baya, daidaita katin a kan rami, danna har maƙallin ya ce ƙas, ɗaure noti. Sannan, yawwa, ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe: wayar monita a jikin sabon katin za ka jona ta, ba a tsohon bakin da ke sama ba. In monitarka VGA kawai take da shi, sai ka haɗa da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA, ka sa kuɗinta a lissafi tun farko.

Direban katin, wato manhajar da ke sa Windows ya san shi, ka sauko da shi daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye. Yana da nauyi, ɗaruruwan mega ne, don haka nemi inda intanet ke da ƙarfi. In da wani kati a ciki a da, goge direbansa tukuna. Ka sani kuma cewa tsofaffin katunan nan suna dab da ritaya: a watan Oktoba na 2025 Nvidia ta daina yi wa zubin 750 Ti da 1050 Ti da 1060 sababbin direbobin wasa, sai gyaran tsaro kawai. Za su ci gaba da aiki, amma in farashin 1050 Ti da na 1650 sun yi kusa, wannan dalili ne na ɗaukar 1650.

Abin da ya rage shi ne yanayinmu. Waɗannan kayan an gwada su ne a ɗakuna masu sanyi, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Yamai da Sakkwato da Njamena, ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin katin kamar auduga. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka ba shi tazara daga bango, kar ka kulle shi a cikin durowa. Duk bayan wata biyu ko uku a hure ƙurar da abin hura iska, ana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Katin da ya shekara biyar zuwa sama, a ba mai gyara ya goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya, ya shafa sabo. Kuma in wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ko da ƙaramin janareta kake aiki, rage wani abu daga kuɗin katin ka sayi sitabilaiza, ka jona kwamfutar ta cikinta tun ranar farko.